Sarƙar da Ido Ba Ya Gani: Bautar Zamani a Hanyar Ci-rani

Maganar da muka kawo muku a wannan karo mai nauyi ce, muna kuwa roƙo ku karanta ta a tsanake, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Tun muna yara a makarantar Lahadi muka san labarin Yusufu, wanda ke cikin Farawa sura 37. Mun san yadda aka jefa shi a rami, aka fitar da shi, aka sayar da shi ga fatake masu zuwa Masar a bakin azurfa 20. Akwai abu biyu cikin labarin nan da muke so ku riƙe tun daga farko. Na ɗaya, waɗanda suka sayar da Yusufu 'yan gidansu ne, tare suke cin tuwo. Na biyu, ubansa Yakubu ya yi shekaru yana zaune a gida bai san gaskiyar abin da ya sami ɗansa ba.

Da yawa cikinmu mun ɗauka irin wannan ciniki ya wuce tare da mutanen dā. Amma a watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton wata kasuwa ta dare kusa da birnin Tarabulus, a ƙasar Libiya. An tsai da samari baƙar fata a gaban masu saye, dillali yana kiran farashi, yana yabon ƙarfinsu don aikin gona. Cikin 'yan mintoci aka sayar da wajen mutum 12, waɗansu a kan dala 400. Samarin nan ba a yaƙi aka kama su ba. Da ƙafafunsu suka bar gida, da kuɗinsu suka biya mota, suna neman abin da za su rufa wa kansu da iyayensu asiri. Ta yaya mutumin da ya fita neman aiki yakan ƙare a matsayin haja? Wannan ita ce tambayar da za mu bi.

Mene ne fataucin mutane?

A shekarar 2000 ƙasashen duniya suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Palermo na Italiya, wadda ta bayyana abin da ake nufi da fataucin mutane. Bisa ga yarjejeniyar, abu uku ne ke haɗuwa. Na fari, aikin da aka yi: a nemo mutum, ko a ɗauke shi daga wani wuri zuwa wani, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu, hanyar da aka bi: ƙarfi, ko barazana, ko ruɗi, ko amfani da rashin ƙarfin mutum, ko ba da kuɗi ga wanda ke da iko a kansa. Na uku, nufin da ke baya: a ci guminsa ta wurin aikin dole, ko karuwanci, ko bauta, ko cire wani sashe na jikinsa.

Ku lura da kalmar ruɗi. Ba lalle sai an ɗaure mutum da igiya ba. Idan aka gaya wa yarinya za ta yi aikin kitso, ta yarda, ta isa can ta tarar karuwanci ne, yardar da ta bayar ba yarda ba ce a gaban shari'a. Idan kuwa yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, ba a ma tambaya ko an ruɗe su ko ba a ruɗe su ba. Muddin an ɗauke su domin a ci guminsu, laifin ya tabbata, ko da iyayensu sun amince.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai fasa-ƙwaurin mutane da mai fataucin mutane. Mai fasa-ƙwauri direba ne ko ɗan jagora wanda ka biya domin ya ƙetarar da kai iyaka a ɓoye, in kun isa kowa ya kama gabansa. Mai fatauci kuwa kai ne hajarsa, ba ya sakinka sai ya tatse ka. A takarda bambancin a fili yake. A hanya kuwa sau da yawa na farkon ne ke miƙa mutum ga na biyun, matafiyi bai ma san lokacin da aka yi cinikinsa ba.

Yawan abin

A watan Satumba na 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, wato IOM, da ƙungiyar Walk Free, suka fitar da ƙiyasi cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani a duniya. Kusan miliyan 28 suna cikin aikin dole, miliyan 22 kuma cikin auren dole. Ƙiyasin ya nuna cewa ma'aikaci baƙo ya fi ɗan ƙasa haɗarin faɗawa cikin aikin dole har fiye da ninki uku. A 2024 kuma Ƙungiyar Ƙwadagon ta ce haramtacciyar ribar da ake samu daga aikin dole ta kai dala biliyan 236 a shekara. Ashe ba ƙaramar sana'a ba ce, masu yinta kuwa ba za su bari don kansu ba.

Me ya sa baƙo ne ya fi faɗawa? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A garinku, in wani ya cuce ka, kana da dangi, kana da mai unguwa, kana jin harshen mutane, ka san hanyar gida. Ranar da ka ƙetare iyaka ba takarda, duk waɗannan sun faɗi daga hannunka lokaci ɗaya. Ba ka iya zuwa wurin 'yan sanda, gama kai ma mai laifi ne a idonsu. Ba ka san sunan unguwar da kake ba. Mutum ɗaya tak ka sani, shi ne wanda ya kawo ka. Mai fatauci ya san wannan sarai, a kansa ya gina sana'arsa.

Kada wani ya ji kamar muna cewa fita neman abinci laifi ne. Ci-rani tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu, da shi iyaye da yawa suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu. Waɗanda ke fita yau ba ragwaye ba ne. Waɗansu rikici ya kore su daga gonakinsu, waɗansu sun gama makaranta ba aiki, waɗansu damina ta ƙi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu fataucin nan kuwa tsagar suke nema: gidan gwauruwa, sansanin 'yan gudun hijira, saurayin da ya gaji da zaman banza.

Hanyar hamada

Babbar hanyar da ta kai samarin nan kasuwar Tarabulus ta bi ta ƙofar gidanmu ne. Daga Kano ana bi ta Daura a shiga Nijar, a isa Damagaram, a wuce Tanut zuwa Agadas. A Agadas akan ajiye matafiya a waɗansu gidaje masu katanga da ake kira geto, har a cika mota. Daga nan sai motocin Hilux, mutum 25 ko fiye a bayan kowace, kowa ya rataya ƙafafu waje, ya rungumi sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, jarkar ruwansa a ɗaure a jikin mota. Ana bi ta Dirku da Madama, a shiga Libiya, a isa Gatrun, sa'an nan Sabha. A shekarar 2016 kaɗai IOM ta ƙidaya mutum fiye da 300,000 da suka ratsa arewacin Nijar suka nufi Libiya da Aljeriya.

Hanyar nan tsohuwa ce. Ta cikin hamadar nan ayarin raƙuma ke bi daga Kano da Borno zuwa Tarabulus, bayi kuwa suna cikin kayan da ake kaiwa. Matafiyan ƙarni na 19 sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka gani warwatse a bakin rijiyoyi tsakanin Bilma da Murzuk. Sai a 1936 doka ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Mota ta gāji raƙumi, amma ƙishirwa tana nan yadda take. A tsakiyar 2017 mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka mutu, yawancinsu 'yan Gana da 'yan Nijeriya, har da mata da jarirai.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiyar ta ragu amma ba ta tsaya ba, sai direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya, nesa da rijiyoyi da sojoji, kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta Nijar ta soke dokar.

Wanda ya tsira daga hamada bai gama tsira ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 Libiya ta rabu a hannun ƙungiyoyi masu makamai. A watan Afrilu na 2017, tun kafin hoton CNN, IOM ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi a fili a Sabha. Yadda abin yake shi ne, direba ya ce wanda ya haɗa tafiyar bai biya shi ba, sai ya sayar da fasinjan domin ya mai da kuɗinsa. Wanda ya saya ya kulle shi a wani gida, ya ba shi waya ya kira danginsa, ana dukansa suna ji, har su aiko da kuɗin fansa. Nan ne ake sayar da gona da shanu a gida. Wanda danginsa suka kasa biya, sai a sa shi aikin gini ko gona ba lada, ko a sake sayar da shi gaba. Mata kuwa abin da ake yi musu ba ya faɗuwa. A watan Maris na 2023 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai ƙwararan dalilai na gaskata cewa an aikata laifuffukan cin zarafin bil'adama a kan baƙi a Libiya, har da bautarwa.

Sarƙoƙi huɗu

Mutane sukan yi tambaya, su ce, in ba a ɗaure mutum ba, me ya hana shi gudu? Amsar ita ce a ɗaure yake, sai dai sarƙar ba ta ƙarfe ba ce. Bari mu duba guda huɗu.

Ta fari ita ce bashi, ita ce kuwa uwar sauran. Mai ɗaukar mutum yakan ce, kada ku damu da kuɗin mota, ni zan biya, in ta fara aiki ta biya ni a hankali. Iyaye su yi ta godiya. Amma bashin nan ba a rubuce yake ba, mai bin bashin ne kaɗai ke riƙe da lissafi. Kuɗin ɗaki yana hawa kai, kuɗin abinci, kuɗin tufafi, kuɗin magani, da tara in an yi laifi. 'Yan matan Nijeriya da aka kai Italiya sukan tarar ana binsu yuro 30,000 ko fiye. Da yawa cikinsu sun ji adadin tun a gida, amma suka auna shi da naira, ba su san nauyin yuro ba. A 2014 matan Nijeriya kimanin 1,500 ne suka isa Italiya ta teku. A 2016 sun kai 11,000, IOM kuwa ta ƙiyasta cewa wajen 80 cikin 100 nasu suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu fataucin karuwanci. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A Nehemiya sura 5 mun ga iyaye suna kuka domin yunwa da bashi sun sa 'ya'yansu mata sun zama bayi, gonakinsu kuma suna hannun waɗansu.

Ta biyu ita ce takardu. Da zarar an sauka, sai a ce kawo fasfo a ajiye maka kada ya ɓace. Daga ranar nan mutum ya zama kamar tsuntsun da aka fige wa fiffike. A Lebanon da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an daɗe ana aiki da wani tsari da ake kira kafala, wanda ke ɗaure izinin zaman ma'aikaci da sunan maigidansa. In ya bar gidan ba izini, shi ne ya zama mai laifi. Waɗansu ƙasashe sun sassauta tsarin, kamar yadda Katar ta yi a 2020, amma 'yar aikin gida tana bayan ƙofa ce a kulle, inda mai duba ma'aikata ba ya shiga. A watan Afrilu na 2020 aka kama wani mutum a Lebanon saboda ya sa hoton fasfon wata 'yar Nijeriya mai aikin gida a Facebook, yana tallar ta a kan dala 1,000.

Ta uku ita ce tsoro. Ana gaya wa mutum, mun san gidanku, mun san ƙannenki. A jihar Edo an daɗe ana kai 'yan mata wurin masu tsafi kafin tafiya, a yanki gashinsu da farcensu, a sa su rantse cewa za su biya bashi, ba kuwa za su tona asirin uwar ɗakinsu ba, in ba haka ba hauka ko mutuwa. Yarinya takan kai Turai, 'yan sanda su tambaye ta, ta yi shiru, gama rantsuwar ta fi ƙarfin tambayarsu. Abin ya kai har a ranar 9 ga Maris 2018 Oba na Bini, Ewuare na II, ya tara masu tsafin a fadarsa, ya warware dukan irin wannan rantsuwa a bainar jama'a, ya kuma la'anci masu safarar. Muna so kowace yarinya da ke jin mu ta sani, rantsuwar da aka sa ki yi bisa ƙarya domin a cuce ki ba ta da iko a kanki.

Ta huɗu ita ce kunya, wannan kuwa mu na gida ne muke ƙera ta. Saurayin da aka sayar da gonar gado domin tafiyarsa, da wane ido zai dawo hannu wofi? Yarinyar da aka tilasta wa karuwanci, me za ta gaya wa mahaifiyarta? Saboda haka sai su yi ta aiko da hoto suna tsaye kusa da motar wani, suna murmushi. Ƙannensu su gani, su ce su ma sai sun tafi. Ta haka kunyar mutum ɗaya takan zama tarkon mutum goma.

Abin bai tsaya a Libiya ba

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram, ba nisa da Daura. Harshen da muke magana da shi yanzu, da shi suka yi kiran ruwa. Daga yankin nan mata sun daɗe suna zuwa bara a biranen Aljeriya, sau da yawa da yaran da aka karɓo daga hannun iyayensu da alkawarin za a riƙa aiko musu da wani abu. Yaron da aka ɗauka haya domin bara, bisa ga ma'anar da muka bayar a sama, an yi fataucinsa.

A watan Janairu na 2019 hukumar NAPTIP, wadda Nijeriya ta kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, ta ce ta ƙiyasta 'yan matan Nijeriya wajen 20,000 ne ke Mali cikin karuwancin dole, da yawa a wuraren haƙar zinariya. An gaya wa waɗansunsu cewa Maleshiya za a kai su aikin otal.

Yanzu kuma bari mu shigo cikin gida, ko da yake maganar ba za ta yi daɗin ji ba. Kowa ya san matan nan da ke zagaya ƙauyuka bayan Kirsimeti suna tattara yara, a kai su Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, ko Kano aikatau. Ana yi wa iyaye alkawarin makaranta. Kuɗin aikin yarinya kuwa hannun dillaliya yake shiga kowane wata. Waɗansu yaran sun dace da gidajen kirki, ba mu musu. Amma da yawa su ne na farkon tashi, su ne na ƙarshen kwanciya, ba su taɓa ganin ƙofar aji ba, ba su kuma san hanyar garinsu ba. Dokar Nijeriya ta 2015 a kan fataucin mutane ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Waɗansu gidajen da yaran nan ke ciki gidajen masu bi ne. Akwai mai zuwa sujada da 'ya'yansa cikin sababbin tufafi, ya bar 'yar wani a gida tana wanke-wanke. Kafin mu la'anci mutumin Sabha, bari kowa ya leƙa madafar gidansa. Fitowa 21:16 ta sa satar mutum cikin laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, hukuncin kuwa ya hau kan wanda ya sayar da kuma wanda aka sami mutumin a hannunsa.

Ku tuna kuma da abin da muka ce a kan Yusufu. Mai zuwa ɗaukar yaro ba ya zuwa da fuskar baƙo. Gwaggo ce, ko ɗan unguwa da ya dawo da babbar waya, ko tsohuwar abokiyar makaranta, wani lokaci ma wanda muke zama benci ɗaya da shi ran Lahadi. Da ɗan gari akan ci gari. Waɗansu matan da ke ɗaukar 'yan mata yau, su ma dā an yi fataucinsu, suka biya bashinsu, sa'an nan suka shiga sana'ar.

Tambayoyi kafin a ɗaura kaya

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. Saboda haka in wani ya zo da maganar aiki a wata ƙasa ko wani birni, ga tambayoyin da ya kamata iyaye da mai tafiya su yi, a gaban shaidu:

1. Mene ne sunan wurin aikin, a wane gari, wace unguwa? Wa za mu kira mu tabbatar, ban da kai?

2. Nawa ne albashin, a hannun wa zai riƙa shiga? Ina takardar yarjejeniya, mu kai wa wanda ya iya karatu ya duba?

3. Nawa ne dukan kuɗin tafiyar, in an juya shi zuwa kuɗinmu? In bashi ne, wata nawa za a yi ana biya? A rubuta, a sa hannu.

4. Wace irin biza ce? Bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba ta ba mutum izinin aiki.

5. Wa zai riƙe fasfo? Amsar da ta dace ɗaya ce: mai shi.

6. In aikin bai yi ba, yaya za a dawo, wa zai biya?

Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Amma in ya ce a yi sauri mota za ta tashi gobe, ko ya ce kada a gaya wa kowa don maƙiya, ko ya ce a rage ko a ƙara shekaru a takarda, ko ya kawo maganar rantsuwa, to, ku sani rami ne. Wanda kuma ya riga ya ƙudura tafiya, ya bar hoton takardunsa a gida, ya haddace lambar wayar mutum biyu a ka, ya kuma san inda ofishin jakadancin ƙasarsa yake.

Abin da ke wuyan ikkilisiya

Na fari, mu yi maganar a fili. A karanta tambayoyin nan a taron zumuntar mata, da na matasa, da na sabon rai. A ranar 30 ga Yuli ta kowace shekara duniya ke tunawa da yaƙi da fataucin mutane, dama ce mai kyau ga kowace majami'a.

Na biyu, dattawa su san tumakinsu. A sami littafi a rubuta sunan kowane yaro da ya bar ƙauye zuwa aikatau, da sunan wanda ya ɗauke shi, da inda aka kai shi. A haɗa shi da wata ikkilisiya a can wadda za ta riƙa ganinsa ido da ido. Dillalin da ya san ana bin sawu yakan yi hankali. In wata uku suka wuce ba a ji muryar yaro ba, kada a zauna ana jira kamar Yakubu. A kai magana wurin NAPTIP ko 'yan sanda, a kuma sanar da mai gari.

Na uku, mu toshe tsagar bangon. Gwauruwar da ta ba da 'yarta ba don rashin ƙauna ta bayar ba, kwanon gidanta ne babu kome. Buhun masara ɗaya, ko kuɗin makaranta na zango ɗaya, ko keken ɗinki daga baikon jama'a, yana iya tsai da yarinya a gaban uwarta. Masu sana'a a cikinmu, kafinta da makaniki da tela, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa.

Na huɗu, mu karɓi waɗanda suka dawo. Tun daga 2017 an komo da dubban 'yan Nijeriya daga Libiya a jirgin sama, waɗansu da tabon duka, waɗansu da ciwon da ba a gani, waɗansu da jariri a goye. Abin da suka fi tsoro shi ne bakinmu. Kada a yi musu ba'a, kada a tambaye su ina tsarabar Turai, kada a sa yarinyar da aka yi wa fin ƙarfi a bencin horo kamar ita ce ta yi laifin. In mun tarye su da mutunci za su buɗe baki su faɗi gaskiya, gaskiyar bakinsu kuwa ta fi wa'azinmu goma ƙarfi wajen tsai da ƙannensu. Kada mu manta, Samuel Ajayi Crowther yaro ne da aka kama aka sayar a 1821, aka 'yantar da shi daga jirgin bayi a 1822, a 1864 kuwa ya zama bishop. Waɗanda suka karɓe shi a Saliyo ba su san abin da zai zama ba, sun dai ba shi abinci, da makaranta, da wurin zama.

A daren nan akwai uwa da ke kwance da waya a gefen matashinta, tana jiran kiran da bai zo ba. Akwai kuma saurayi da ya riga ya ɗaure jakarsa, jibi zai kama hanyar Agadas. Wataƙila ɗaya cikinsu maƙwabcinka ne. Ka je ka zauna da shi tun kafin gari ya waye.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai da ka kasance tare da Yusufu a rami da kurkuku, ka tuna da 'ya'yanmu da ke tsare a ƙasashen da ba mu sani ba. Ka buɗe musu ƙofa, ka komo da su gida. Ka juyo da zukatan masu cinikin mutane, ka kuma gafarta mana inda muka ci gumin ɗan wani, ko muka gani muka yi shiru. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, Allah ya kiyaye fitarku da shigarku.